Sallar Kawu Kwamared

Kawuna, yayan mahaifiyata, ya rasu da hantsin wata Lahadi a gidansa da ke unguwar Mount Hope ta Bronx, a birnin New York, bayan jinyar shanyewar jiki da ta daɗe tana cinsa, ta kuma ɗauke masa baki tun kafin ta ɗauke shi. Kafin azahar falo ya cika, takalma sun yi tsibi har bakin lif. Babu Bahaushen Bronx da bai san shi ba, sai dai kaɗan ne suka san sunansa na yanka. Kwamared ake ce masa, babba da yaro. Har matarsa, wadda muke kira Inna, haka take kiransa in ya ɓata mata rai.

Masu gaisuwa iri-iri ne. Direbobin tasi sun bar motocinsu inda doka ta hana, suna gaisuwa suna leƙen taga. Wata Hajiya 'yar Kumasi, mai aikin kula da marasa lafiya a gidajensu, ta shigo tana kuka kamar ubanta ne ya mutu, ta wuce kicin ta ɗora tukunya ba ta tambayi kowa ba. Maƙwabciyarsu 'yar Dominika ta zo da kyandir, ta rasa inda za ta ajiye shi, Inna ta karɓa ta ɗora a kan firji. Can sai ga wasu tsofaffi uku, Baturiya ɗaya mai sanda da maza biyu, kowa da jan furensa, suka tako kan darduma da takalmansu, aka rasa mai yi musu magana. Su ne ragowar abokan jam'iyyarsa na nan New York.

Ni ina bakin ƙofa ina karɓar gaisuwa, kunnena kuwa yana aiki. Wasu za su ce Allah Ya jiƙansa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Wasu kuma sai su riƙe hannuna su ce sannu da haƙuri, su tsaya nan, addu'ar ta koma gida tare da su. Na lura, Inna ma ta lura. Da la'asar wani mutum ya ja ni wajen matakala, ya rage murya ya ce, "Ɗana, wai ni kam, za a yi masa salla?"

Da ba gidan rasuwa ba ne, da na gaya masa maganar da za ta hana shi cin tuwo. Amma tambayar ba tasa ce shi kaɗai ba. Masallacinmu ne ke da masu wankan gawa, shi ke da fili a maƙabartar New Jersey inda ake rufe mutanenmu. In masallaci ya ce a'a, Kawu ba shi da salla, ba shi da kushewa a cikin Musulmi. Kawu kuwa ɗan kwaminis ne, bai taɓa ɓoyewa ba, kuma ya yi shekaru bai taka masallacin ba.

Yanzu da nake rubutun nan hankalina a kwance yake, ina iya dariya in na tuna shi. Ina so in ajiye abin da na sani, saboda yaran da aka haifa mana a nan, waɗanda muke yi wa Hausa suna mayar mana da Turanci. Su dai tsoho suka sani a keken marasa lafiya, bakinsa a karkace. Ba su riski bakin nan yana aiki ba.

Jam'iyyar tasu, in za a faɗi gaskiya, ko kujerar kansila ba ta taɓa ci ba. A gida Najeriya aka kafa ta bayan tafiyar Turawa, a bayan shagon wani tela kusa da tashar jirgin ƙasa. Ma'aikatan reluwe ne da na masaƙa, sai malaman firamare, da wani akawu da aka jawo saboda yana da tafireta. Kawu yana saurayi a masaƙa ya shiga. Ba a taɓa yi musu rajista ba, farar hula sun ƙi, soja sun hana. Suna buga 'yar jarida mai shafi biyu da injin da ake juyawa da hannu, tawada na bin yatsu, har ɗan sanda ba ya wahalar bincike, hannunka kawai zai duba. Da Rasha da Sin suka yi rigima sai jam'iyyar ta rabu biyu, alhali a cikinsu babu wanda ya taɓa ganin Rasha balle Sin. Daga baya ɓangaren su Kawu ya sake rabewa a kan wata magana da ya ce shi kansa ya manta ta, amma bai manta waɗanda suka yi kuskure a cikinta ba.

Ni kuwa ba na gajiya da tsokanarsa. Nakan ce, Kawu, ai duk taronku bai cika bas ɗaya ba. Ba ya fushi. Sai ya ajiye kofin shayi ya shiga jero mini: sakataren ƙungiyar ma'aikata kaza nasu ne, wanda ya tsara yajin aikin masaƙa nasu ne, wanda ya koya wa leburorin tasha yadda ake tsayawa gaban manaja ba a durƙusa ba nasu ne. Manyan jam'iyyu kuma in zaɓe ya zo, sai ka ji suna rantsuwa da ilimi kyauta da asibiti kyauta, yadda 'yar jaridar nan ta rubuta, ko waƙafi ba su canza ba.

"Da safe su kama mu, da yamma su hau dandamali su karanta takardarmu," in ji shi. "To wa ke mulki?"

Na ce su ne mana.

Ya ce, "Su ne. Amma mun hana su jin daɗinsa yadda suke so."

Haƙoransa na gaba ya bar su a wani ofishin 'yan sanda a zamanin soja, kuma da aka sake shi a karo na ƙarshe 'yan'uwa suka haɗa kai suka turo shi nan kafin a kashe musu shi. Ya fara da talla a titin Canal Street kamar kowa, aka ba shi jakunkunan mata ya sayar. Bai yi nisa ba, domin in mai saye ta tambaye shi ko jakar ta asali ce, sai ya gaya mata gaskiya, ya kuma ƙara mata da bayanin wahalar da waɗanda suka ɗinka ta suke sha. Daga nan ya samu aiki a sashen wanki na wani asibiti, inda ya yi ta wanke zanen gado har ya yi ritaya, abokan aikinsa suna zaɓensa wakilinsu duk lokacin da aka yi zaɓe. A nan ma ya lalubo irinsa, wata 'yar jam'iyyar kwaminis mai ofis a saman bene, mai warin tsohuwar takarda. Ya ce ba su fi na gida yawa ba, kujerunsu ne kawai suka fi taushi.

Da Tarayyar Sobiyat ta rushe, jam'iyyar gida ta watse ba tare da ko sallama ba. Wani ya zama kwamishina, wani mai wa'azi, wani dillalin takin zamani. Kawu ya rage shi kaɗai da muƙamin sakataren reshen ƙasashen waje. Na tambaye shi su wa ke cikin reshen, ya ce shi ne da wani mutumin Tamale, kuma mutumin Tamalen ya rasu, amma ba a yi taron rufe reshe ba, don haka reshe yana nan.

Gaisuwa da Kawu aiki ce. In ka ce masa ina gajiya, ba zai taɓa ce maka ba gajiya ba. Sai ya ce, "Akwai gajiya mana, wa ya ce maka babu? Kai da ka kwana tuƙi, me ya sa za ka yi wa jikinka ƙarya?" Daga nan sai ya tambaye ka awa nawa kake aiki, wa ke da motar, in ka yi hatsari wa zai kula da kai. Mutum ya zo gaisuwar tsaye, sai ya tsinci kansa a zaune da shayi a hannu. Wasu in sun hango shi a Grand Concourse tsallaka titi suke yi. Amma ranar da aka kori mutum daga aiki, ko aka ƙwace masa kaya, ƙofarsa yake ƙwanƙwasawa.

A falonsa akwai hoton wani Bature mai ƙaton gemu. Wata tsohuwa da ta zo daga Maraɗi wajen 'yarta ta shigo gaida Inna, ta ga hoton, ta shafa shi ta shafa a fuskarta, ta tambayi wane shehi ne wannan. Kawu ya ce shehin ma'aikata ne, sai dai ba ya ba da tofi. Washegari Inna ta mayar da shehin bayan ƙofar ɗaki, can ya ƙare zamansa.

Wani hunturu mai gidan hayarsu ya bar na'urar ɗumama gini ta mutu, ya ƙi gyarawa. Mutanenmu suka ce a yi haƙuri, baƙo ba ya faɗa da mai gida, wasu ma takardunsu ba su cika ba. Kawu ya bi ƙofa ƙofa tun daga ƙasa har sama, da Hausa da Turanci da guntun Sifaniyancin da ya tsinta a wajen wanki. Ya kwashe su gaba ɗaya zuwa kotun gidajen haya, 'yan Gana da 'yan Nijar da 'yan Dominika, kowa da bargonsa a kafaɗa da goyonsa. Masu tsoron takarda ya ce su zauna gida su dafa wa sauran abinci, kada sunansu ya shiga ko'ina. Ba a rufa mako ba bututun suka fara ƙara, ɗakuna suka yi ɗumi.

Masallacin namu ma da hannunsa a ciki. Lokacin da aka kama shagon da aka mayar masallaci, rigima ta tashi a kan shugabanci. 'Yan Najeriya na ganin sun fi ilimi, 'yan Nijar na ganin sun fi yawa, 'yan Gana na ganin sun riga kowa zuwa. Duk taron da aka kira, manya ke fara magana, kowa ya bi bayan babbansa, a tashi baram-baram. Kawu ne ya ce a gwada yadda suke zama a bayan shagon tela. Wanda ya fi kowa ƙanƙanta ko sabunta shi zai fara, a yi ta hawa, babba shi ne na ƙarshe. Ba mai magana sau biyu sai kowa ya yi sau ɗaya. Matan da ke bayan labule su ma ana zuwa kansu. Dalilinsa shi ne, babba in ya fara magana ya ɗaure bakin kowa, ya kuma ɗaure nasa, domin ko daga baya ya gane ya yi kuskure, kunya ba za ta bar shi ya janye ba. Aka gwada, abin ya zauna. Shekaru suka wuce, aka manta daga inda ya fito.

Sai kuma rigimar da ta raba shi da wurin. Shugaban kwamitin masallaci wani Alhaji ne mutumin Nijar, mai shaguna a Canal Street, tsohon abokin Kawu, domin shi ne ma ya ba shi jakunkunan nan tun farko. Alhaji yakan zo Juma'a cikin babbar riga, masu tsare masa shaguna kuwa suna can, ba a rufe shago. Suka kai kuka wajen Kawu. Kawu ya sami Alhaji a keɓe, bai ji ba. Wata Juma'a ana sallame salla Kawu ya miƙe a tsakiyar sahu ya ce yana da tambaya: Juma'ar nan ta masu shago ce kaɗai, ko har da masu tsaron shago? Alhaji ya fusata, ya ce ɗan kwaminis da bai yarda da Allah ba, me ya kawo shi masallaci har yake koya wa mutane addini. Kawu ya ɗauki takalmansa ya fita. Bayan ɗan lokaci Alhaji ya fara rufe shagunansa ranar Juma'a da rana, ya ce ra'ayin kansa ne. Kawu dai bai sake komawa ba.

Ba zan yi wa mamaci ƙarya ba, ko da ta yabo ce. Na ga Kawu yana salla a ɗakinsa, na kuma ga lokacin salla ya shiga ya fita yana karatun jarida. Azumi kam yana yi, ya ce ba zai ci abinci Inna na kallonsa ba. Wata rana na gaji na tambaye shi kai tsaye ko ya yarda da Allah. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Wannan tambayar mala'ikun kabari ce. Kai wa ya ɗauke ka aikin?" Ban sake ba. Da ciwon ya zo ya tafi da bakin, babu wata kalmar ƙarshe da wani zai ce ya ji.

Abin da muke da shi ke nan ranar Lahadin, gawa tana gidan ajiyar gawa cikin sanyi, mu da muka saba a rufe mutum tun rana ba ta faɗi ba. Baturiyar nan mai sanda ta fahimci akwai matsala. Cikin kirki ta ce mini kada mu damu, in masallaci ya ƙi, su suna da yadda suke yi wa nasu: a ƙona gawar, a taru a zaurensu a yi jawabai. Ban fassara wa Inna ba, amma Inna ba jiya ta zo Amurka ba. Ta tashi ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa.

Na je wajen liman. Matashi ne, mai ilimi, ba shi da mugunta, kuma bai san Kawu da ƙafafunsa ba. Ya ce mini ya karanta cewa aƙidar nan tana musun samuwar Allah, kuma manya sun yi masa magana. Ba zai iya tsayawa gaban gawa yana shakka ba, sai ya ji shaida. Aka sa zama ranar Litinin bayan azahar.

Masallaci ya cika kamar ranar Idi, domin mutanenmu ba sa wasa da kallon rigima. Alhaji ya iso yana dogara sanda, shi ma tsufa ya kama shi. Kowa ya san inda ya karkata, an ce a gida ya ce filin maƙabarta na Musulmi ne, amma bai faɗa a bainar jama'a ba. Ya kama hannun liman zai ja shi ƙaramin ofis, ya ce wannan magana ta manya ce, a gama ta a ciki. Liman ya zame hannunsa cikin ladabi.

"Alhaji, a yi mini haƙuri," in ji shi. "Masallacin nan yana da tsarin zamansa. Ƙarami ke farawa, babba ya rufe. Haka na tarar magabata suna yi, kuma shawara ce irin ta Musulunci. Ba ni zan karya ta ba."

Ina cikin baƙin ciki, amma sai da na danne dariya. Alhaji ya san sarai wane magabacin ne ya kawo tsarin. Ya dubi liman, ya dubi ƙasa, ya nemi bango ya jingina.

Aka fara da wani mai kai abinci a keke, wanda bai daɗe da zuwa ba. Ya ce shi bai san mamacin ba, sai dai ɗakin da yake kwana yana da ɗumi, kuma an ce masa aikin mamacin ne. Aka yi ta hawa. Wani direba ya ce Kawu ya raka shi ofis-ofis lokacin da aka karɓe masa lasin. Wani ya ce shi kam ya ji da kunnensa Kawu yana cewa ba Allah ne ya ɗora wa mutane talauci ba, mutane ne, kuma shi a ganinsa wannan magana da haɗari. Na yunƙura zan mayar masa, liman ya ɗaga mini hannu ya ce ba a zo kaina ba. Na koma na zauna ina huci. Da aka zo kaina ɗin, na faɗi abin da na gani, sallar da jaridar duka, ban rage ba.

Aka koma bayan labule. Hajiya 'yar Kumasi ta ɗaga murya ta ce, "Malam, ni ban san kwaminis ba koraa. Abin da na sani, lokacin da mijina ya mutu, mutumin nan ne ya bi mota har New Jersey cikin sino, ƙanƙara na zuba, shi ya riƙe yarana. Ya taimake mu paa. Yau ku ce ba za ku kai shi ba?"

Liman ya ce ya ji, kuma duk wannan shaidar mutumin kirki ce, amma shi abin da ya tambaya daban ne. Ni ma na san gaskiya ya faɗa.

Sai aka zo kan Inna. Muryarta ba ta da ƙarfi, sai da aka yi tsit kafin a ji ta.

"Malam, da fatiha aka ɗaura mana aure, kuma ba a taɓa kwance shi ba. In mijina kafiri ne, to ni zaman me na yi a gidansa shekarun nan? Kuma duk ku da kuke cin tuwona, me ya hana ɗayanku ya zo ya gaya mini tun yana da rai?"

Dattawan da suka rage suka yi ta miƙa wa na gaba, kowa ya ce ba shi da abin ƙarawa, har magana ta isa bango, inda Alhaji yake jingine. Ya daɗe yana murza carbi. Na san da shi ya fara, da tuni an gama, an tashi.

"Bon," in ji shi. "Malam shina son shaida. Ni ina da ita. Ranar ƙarshe da mutumen ga ya shigo masallacin ga, kusa da ni ya yi salla. Kafaɗarshi na taɓa tawa. Tare munka yi ruku'u, tare munka yi sallama. Ba shi ya bar sahu ba, ni na fisshe shi, don ya hwaɗi gaskiya gaban mutane, na ji kunya. Na ce bai yarda da Allah ba, alhali ban shiga zuciyarshi ba." Ya tsaya ya share fuska da gefen rawani. "In akwai wanda za a tambaya kan shekarun da bai zo ba, ni ne. Ku yi mishi salla. Ni ka wanke shi."

Liman ya ce an shaidi mutum da salla, abin da ke zuci kuma ba aikinmu ba ne, jana'iza gobe da safe. Ban san lokacin da na kifa goshina a kan gwiwa ba. Ji na yi kamar an sauke mini buhun shinkafa daga wuya.

Ni da Alhaji muka wanke shi, ni ina zuba ruwa, shi yana cuɗawa. Sahu ya fita har bakin titi, masu wucewa suna ratsewa. Mutumin nan da ya ja ni wajen matakala yana sahun gaba, har da ture ni don ya samu wuri, na bar shi. A maƙabarta tsofaffin nan uku suka tsaya can wajen motoci da furanninsu, Baturiyar ta yafa gyalen da Hajiya ta ara mata. Da aka gama ta tambaye ni yadda aka yi masallaci ya yarda, na ba ta labarin zaman. Ta ce su ma haka suke yi a da, amma sun daɗe da dainawa, domin yanzu babu ƙarami a cikinsu da zai fara.

Muka dawo Mount Hope da jar ƙasa a takalmanmu. Inna tana zaune a ɗaki cikin mata, da farin mayafin takaba. Na durƙusa a gabanta.

Na ce, "An yi, Inna. An yi masa salla, an rufe shi cikin mutane."

Ta tambayi wa ya shiga ramin ya karɓe shi. Na ce ni da Alhaji. Ta gyaɗa kai a hankali.

"Tun ranar da ya fito da takalmansa a hannu," in ji ta, "ban taɓa yin salla ban roƙi abu ɗaya ba, kada a bar mini shi a ƙofar masallaci."

Tun da ya cika ban ga hawayenta ba, ashe tsoro ne ya tare su. Ta ja mayafi ta rufe fuska, sai a lokacin ta samu sararin kukan mijinta, matan kuma ba wadda ta ce ta yi shiru.

Allah, ga Kawu nan mun kawo Maka shi. Tambayar da ya ƙi amsa mana, Ka sauƙaƙa masa ita, Ka yalwata masa makwanci, Ka hutar da shi gajiyar da bai taɓa yarda ya ce babu ita ba.